Farar Inuwa a Hagun Am Abdurradi

Ranar Lahadi, sha biyu ga watan Fabrairu na shekarar 2017, ana tsuga ruwan hunturu irin na Iskandariya, wata babbar mota ta tsaya a ƙofar ma'aikatar kwance tsofaffin kwamfutoci da ke Amiriyya. A ranar ne mutanen wurin suka fara ganin Am Abdurradi Khalaf, wanda ake kira Am, wato kawu, don girmamawa. Bai zauna gaba kusa da direba ba. A baya ya zo, a tsakiyar kayan, ya riƙe bakin tampol da hannu biyu don kada ruwa ya taɓa su. Da ya sauko, farar jallabiyarsa ta manne masa a jiki, rawaninsa yana ɗiga.

Usta Gamil, shugaban masu kwance kaya, mutum mai tumbi da yawan ba'a, ya dube shi sama da ƙasa.

"Ya Am, kayan nan fa farfasa su za mu yi! Me ruwa zai yi musu da gudumarmu ba za ta yi ba?"

"Ni dai cewa aka yi in kawo su lafiya," in ji tsohon. "Abin da za ku yi musu bayan nan, ku ya shafa."

"Na rantse Basa'ide ne, mutumin kudu," in ji Usta Gamil, ya juya wajen ma'aikata. "Ko bai buɗe baki ba na sani. Ku dafa masa shayi, ku zuba ganye har sai cokali ya tsaya da ƙafarsa."

Ƙa'idar ma'aikatar ita ce, duk kamfanin da ya kawo kayansa sai ya turo mutum guda a lalata su a gaban idonsa, sannan ya sa hannu a takardar shaida. Ba kamfanin da ke son asirinsa ya fita a cikin tsohuwar na'ura ya ƙare a kasuwar Juma'a. Kamfanin fitar da audugar da Am Abdurradi ke wa gadi kuwa an sayar da shi, sababbin masu shi sun koma wani gini mai ƙofar da ke buɗe kanta, da samarin masu gadi sanye da kaki. Babu ma'aikacin da ya so ya yi ta jeka-ka-dawo zuwa Amiriyya cikin ruwa, sai aka tuna da tsohon maigadi, wanda dama ƙarshen watan za a sallame shi. Wannan shaida ita ce aikinsa na ƙarshe.

Katinsa ya ce an haife shi a 1950 a wani ƙauye kusa da Tahta, can kudu a ƙasar Sa'id. Shi kuwa cewa yake ba wanda ya rubuta ranar, likitan soja ne ya dubi haƙoransa ya yanke masa shekaru. Ya zo Iskandariya yana saurayi, ya sauka wurin kawunsa mai gadin ginin kamfanin a unguwar Manshiyya. Da kawun ya rasu sai ya gaji abu uku: benci, sanda, da ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin matakala. Bayan 'yan shekaru ya koma ƙauye ya auro mata ya taho da ita. Ba a taɓa jin ya faɗi sunanta a gaban baƙo ba, don ba a yin haka a wurinsu. In dole ta kama sai ya ce "mutanen gida." Da ta haifi ɗansu Mansur aka sami sauƙi, kowa ya koma kiranta Umm Mansur.

Ɗakin ƙarƙashin matakala ba shi da taga. Saboda haka da zarar ta gama shara da wanke-wanke sai ta lulluɓa da baƙin mayafinta ta fito ta zauna a hagunsa, faranti a cinya, tana tsince dutse daga shinkafa ko tana yanka kuɓewa. Nan take wuni har rana ta bar bakin ƙofar. Ba su cika hira ba. Wani lokaci ta ce, "Abu Mansur, wancan mai jan takalmin ba Allah a ransa," shi kuma ya ce, "Uhm," ya sa wa mai jan takalmin ido. Sau da yawa kuma maganarta kan zama gaskiya.

Ba ta yarda a ɗauke ta hoto. Takan ce hoto na gwamnati ne da 'yan fim. A bikin Mansur, da mai hoto ya doso ta, ta ja mayafi ta rufe fuska har ya wuce. Hotonta ɗaya ne a duniya, na katin gwamnati, shi ma sai da aka sha fama.

Wata shekara aka yi sata a ginin da ke maƙwabtaka da su, sai kamfanin ya sa aka kafa wata 'yar kyamara a saman fitilar da ke fuskantar ƙofa. Masu kafawa suka ce ta ɓarayi ce. Am Abdurradi ya ji haushi na kwana biyu, don a ganinsa inda yake zaune ba a bukatar wani ido, daga baya ya manta da ita kamar yadda ake manta da ƙusa a bango. Abin da kyamarar ke gani yana fitowa ne a wani ɗaki a hawa na uku, shi kuwa iyakarsa bakin ƙofar ofisoshi, ya ajiye saƙo ya sauko.

A bazarar 2012 Umm Mansur ta tafi ƙauye bikin 'yar ƙanenta, ta kwanta ciwo a can. Da aka gaya masa ya so ya tafi, amma lokacin lodin auduga ne, babu wanda zai riƙe ƙofa. Ita ma ta karɓi waya ta ce, "Zauna abinka, zazzaɓi ne kawai. Ka dai daina cin tsohon cukun nan kana barin tukunya a buɗe." Ya zauna. Da aka sake bugowa, ba ita ce a kan waya ba. Jirgin ƙasa daga Iskandariya zuwa Tahta wuni guda yake ci, mutanen Sa'id kuwa ba sa barin gawa ta jira kowa. Ya tarar an rufe, an yayyafa ruwa, ƙasar ma ta fara bushewa. Katinta 'yan'uwanta sun riga sun miƙa shi a ofishin lafiya lokacin karɓar takardar binnewa. Ya yi zaman makoki, ya dawo kan bencinsa.

A Amiriyya ya ɗauki aikin shaida da gaske fiye da duk wanda aka taɓa turowa. Sauran shaidu kan zauna a ofis su sha kofi, a kira su in an gama. Shi kuwa tsayawa yake kusa da injin da ke niƙe ma'ajiyar bayanan kwamfuta, hannu a baya, yana bin kowace da ido har ta koma ɓarɓashi. Ana raba jan ƙarfe gefe, roba gefe, batura cikin akwatin yashi. Bai san sunan ko ɗaya ba, amma ya san wadda ta fito daga ɗakin ma'aji da wadda ta fito daga ɗakin awo, don shi ya hau da su a kafaɗa suna sababbi.

Ana tsakiyar mako aka zo kan allunan kallo, tsofaffin nan masu ƙaton ƙeya kamar talabijin ɗin da. Usta Gamil ya ɗago wani ƙarami mai nauyi, ya goge ƙurar fuskarsa da hannun riga, ya karkata shi wajen haske, sai ya tuntsire da dariya.

"Ya Am, zo ka ga aljanin kamfaninku! Shi ma da rawaninsa."

Allon ba a haɗe yake da wuta ba, igiyarsa ma an yanke. Amma a cikin gilashin akwai hoto, dishi-dishi, kamar sawun da ruwa kan bari a bango. Am Abdurradi ya ga bakan ƙofar da ya sani, da matakai biyu na dutse, da benci. A kan bencin ga wani baƙin mutum zaune, ba fuska, sai zagayen rawani da faɗin kafaɗa da doguwar inuwar sanda. Ya yi murmushi, ya buɗe baki zai mayar wa Usta Gamil da ba'arsa. Sai idonsa ya sauka a hagun baƙin mutumin.

Akwai wata farar siffa a wurin. Ta ɗan sunkuyar da kai, kafaɗar dama ta fi ta hagu sauka, a cinyarta ga wani abu mai faɗi.

Murmushinsa ya gushe. Ya nemi wurin zama da hannu, bai samu ba, ya durƙusa a kan siminti. Usta Gamil ya daina dariya, ya aika a kira Injiniya Demiana, mai kula da ma'aikatar, mace mai furfura a goshi wadda ba ta ƙara magana a kan abin da ya wajaba.

Ta duba allon, ta dube shi.

"Ba aljani ba ne, ya Am. A bayan gilashin nan akwai wata hoda da aka shafa, ita ke ba da haske. Idan hoto ɗaya ya daɗe a kai shekara da shekaru, dare da rana, sai hodar ta ƙone da siffarsa. Inda haske ya fi yawa nan ya fi ƙonewa. Kai farin kaya kake sawa, shi ya sa ka fito baƙi."

"Ita kuma?"

"Wadda ke nan baƙin kaya take sawa. Wurinta bai ƙone ba."

"Fara ta fito," in ji shi, a hankali. "Kamar yadda aka sa ta. Ni ban gani ba."

Injiniya ba ta gane likkafani yake nufi ba a lokacin. Ta nuna gefen siffar da yatsa, inda fari ya fara narkewa cikin toka-toka. Ta tambaya ko matar ta daina zama a wurin. Ya ce ta daina. Ta ce shi ya sa, tun da wurin ya zama wayam hasken bango ke cin ta kaɗan-kaɗan, da allon ya ƙara wasu shekaru a kunne da ba a ga komai ba.

Ya roƙi a bar wannan ya zama na ƙarshe. Aka ɗora shi a kan wani tebur a gefen rumfa.

Daga ranar aikinsa ya rabu biyu. Yana tsayawa shaida yadda ya saba, amma da an tafi cin abinci sai ya jawo akwati ya zauna a gaban allon. In ya matsa kusa, siffar ta watse ta zama tabo. In ya ja baya, ta taru ta dawo. Wani lokaci fuskarsa ta yanzu kan bayyana a gilashin ta hau kan baƙin mutumin, sai ya kauce da sauri. Ya gaya wa Usta Gamil cewa idan injuna suka yi shiru yana jin ƙarar tsakuwa tana faɗawa gefen faranti. Usta Gamil ya ce rufin kwano ne ke ɗiga. Tsohon ya ce ya sani.

Aka gwada ɗaukar hoton allon da wayar hannu. Aka gwada a rana, aka gwada a inuwa, aka rufa bargo. Kowane hoto sai ya fito da hannun mai ɗauka da hasken rumfa da wani tabo mai kama da taswira. Am Abdurradi ya duba, ya mayar da wayar.

"Ba ita ba ce. Dama ba ta yarda da hoto."

Ranar Alhamis ya shiga ofis, ya cire takalmi a bakin ƙofa ko da yake ba wanda ke yin haka, ya tsaya gaban teburin Injiniya.

"Ya Bashmuhandisa, babbar injiniya, ban taɓa roƙon kamfani ko allura ba. Ina roƙon wannan akwatin."

Ta ɗauki waya ta kira kamfanin a gabansa. Aka yi ta miƙa ta daga wannan zuwa wancan. A ƙarshe wani saurayi mai ladabi ya ce ya ji tausayi ƙwarai, amma sababbin masu kamfanin sun sharɗanta cewa duk kayan tsaro a lalata su kaf, ba a cire ko guda, kuma shi ba shi da ikon taɓa sharaɗin. Ta ajiye wayar.

"Ka ji da kunnenka. Ni kuma na sa hannu cewa abin da ya shigo ba ya fita. Ba don takarda kawai ba. Ƙeyar gilashin nan cike take da dalma, hodar kuma guba ce. Yau yana hannunka ka lallaɓa shi. Gobe ba ka nan, jikoki su sayar wa mai kura, shi kuma ya fasa shi da dutse a lungu don ya zare jan ƙarfe, ya watsar da sauran a bakin tafki inda yara ke wasa. Na ga abin da wannan ke yi wa yara, shi ya sa na buɗe wurin nan."

"In an yanke gaban gilashin kaɗai fa?"

"Zan iya ba ka shi, amma sai an share hodar. Hoton kuwa a cikin hodar yake."

Ya gyaɗa kai. Maganar ƙofa ce, ba ya bukatar a maimaita masa.

Da yamma, ana shirin tashi, Usta Gamil ya ja shi bayan tarin robobi, ya rage murya.

"Saurara, mai kan dutse. Akwai wani irinsa sak a kayan wani kanti da ya rufe, ba mai tambayarsa. In fasa wancan a madadinsa. Wannan kuma in naɗe maka a buhu, direba ƙanen matata ne. Kai ne shaida, kai za ka sa hannu. Wa zai sani?"

"Sai in ce an fasa duka?"

"To an fasa mana! Gilashi gilashi ne. Ku Sa'idawa, ko Aljanna aka buɗe muku ta taga sai kun ce ina ƙofa."

Am Abdurradi bai ce a'a ba. Ya ce a bar shi zuwa Lahadi. Usta Gamil ya faɗa daga baya cewa a lokacin ya tabbata tsohon zai karɓa.

Juma'a ma'aikatar a rufe take. Bayan ya sauko daga masallaci ya koma ginin Manshiyya, wanda ba kowa a ciki sai shi da kuliyoyi, ya fito da benci ya zauna a wurinsa. Ruwa ya ɗauke, rana ta bugi bango. Ya ɗaga kai ya dubi saman fitila, inda ramukan ƙusa huɗu suka rage a gurbin kyamarar. Sannan ya yi abin da bai saba ba: ya juya gaba ɗaya ya dubi hagunsa.

A nan ya gane abin da ke damunsa tun ranar da ya ga allon. Yana neman fuskarta a cikin farin nan, bai samu ba, ya ɗauka laifin gilashi ne. Yanzu ya nema a ransa, nan ma bai samu ba. Ya san gwiwar hannunta da ke taɓa tasa. Ya san muryarta, da warin albasa a mayafinta, da gefen kumatunta in ta sunkuya. Amma shekarun nan duka gefe da gefe suka zauna, su biyu suna kallon titi. Wanda ya dube ta ido da ido, safe da yamma, wancan ƙaramin idon ne na saman fitila.

Sai wani tunani ya biyo baya, ya ji jininsa ya hau. Idon ba shi kaɗai yake kallo ba. A hawa na uku akwai maza, suna shan kofi, suna shiga suna fita, ita kuma tana nan a kan teburinsu tana tsince shinkafa, tana sosa ƙafa, tana gyangyaɗi. Matar da ta rufe fuska a bikin ɗanta. Ba wanda ya tambaye ta, shi ma bai taɓa tambayar inda idon ke kai abin da ya gani ba. Idan ya kai allon gidan Mansur, a kan kabad za a ɗora shi, duk baƙon da ya shigo a nuna masa, a ce ga Hajiya, ka ja baya kaɗan za ka gan ta. Ya ji kamar muryarta a gefen kunnensa, irin yadda take magana ba tare da ta ɗago daga faranti ba: "Abu Mansur, har yanzu ba ka shigar da ni ciki ba?"

Ya zauna har rana ta bar bakin ƙofa, sannan ya ɗauke bencin.

Ranar Lahadi ya zo da jallabiya wankakkiya. Usta Gamil ya nuna masa buhu da ido. Tsohon ya girgiza kai, ya wuce wurin Injiniya.

"A yi shi yau. Amma sharar hodar, ni zan yi da hannuna."

Ba a taɓa barin baƙo ya taɓa wannan aikin ba. Injiniya ta dube shi ta daɗe, sannan ta ce a ba shi safar hannu da takunkumi da tabarau. Aka ɗaura masa su a kan rawani. A wata rana da an yi dariya.

Kafin a yanka irin wannan gilashi sai an bar iska ta shiga, don cikinsa ba iska ko kaɗan, in aka fasa shi haka nan tarwatsewa yake yi. Usta Gamil kan huda shi da bugu ɗaya ya wuce. A ranar ya yi ta lallaɓa ƙusa a ramin gefe, don kada iskar ta shiga da ƙarfi ta hure hodar. Da ya huje, sai aka ji wata doguwar shaƙa, siririya, kamar ta mai barcin da aka taɓa. Am Abdurradi ya ce, "La ilaha illallah." Wani ma'aikaci da ya yi shekaru yana jin wannan ƙarar kullum ya ajiye abin da ke hannunsa.

Aka zagaya gilashin da waya mai zafi, ya tsage daidai, aka ɗauke ƙeyar aka sa a akwatin masu dalma. Gaban ya rage a kan tebur kamar tasa, cikinsa a sama. Daga wannan gefen hoton ya juye, ita ta koma dama, kuma ya fi fitowa fiye da kowane lokaci, don babu gilashi tsakaninsa da ita. Hodar ba ta kai kaurin garin da ke maƙalewa a tafin mai tuya ba. Numfashi mai ƙarfi zai iya ɗauke ta.

Usta Gamil ya miƙa masa bakin injin zuƙar ƙura, mai ɗan buroshi a kai, ya nuna masa yadda ake riƙewa.

"A hankali, ya Am. Ba sharar matakala ba ce."

Am Abdurradi ya fara da bakan ƙofar. Ya share matakai. Ya zo kan baƙin mutumin ya ɗauke shi da shafa biyu, bai ko tsaya ba. Saura benci da ita. Nan ya dakata, injin yana kuka a hannunsa.

"Na san gilashi ne," in ji shi ta cikin takunkumi, ba tare da ya dubi kowa ba. "Kada wani ya ce tsoho ya zautu."

"Ba wanda ya ce," in ji Injiniya.

Ya yi bisimilla. Ya fara daga kai, ya sauko ta gefenta na dama har ƙasa, sannan ya koma na hagu, yadda ake yi wa wanda za a sa a likkafani. Ma'aikatan Musulmi suka gane, suka sunkuyar da kai. Injiniya ta yi alamar gicciye a ƙirjinta. Farantin ya bari a ƙarshe. Da ya ɗauke shi sai ya ce, a fili, kowa ya ji, "Sauka lafiya, Wadida."

A ranar ne mutanen Iskandariya suka fara jin sunanta.

Ya ɗaga gilashin wajen haske. Ya zama garau, ba komai a ciki sai fuskar Usta Gamil ta ɗaya gefen, idanu jajur. Injiniya ta ce yanzu yana iya ɗauka, ba sauran guba, ba sauran sharaɗi. Ya juya shi sau ɗaya, ya sa shi a kwandon gilasai tare da sauran.

Sannan ya nuna gangar ƙarfen da injin ke zuba hodar a ciki, ya tambaya ina ake kai ta. Aka ce in ta cika ana liƙe ta, a kai ta wani wuri a hamada da aka tanada don irin wannan, a sa a rami mai shimfiɗa, a rufe.

"Binnewa ake yi ke nan?"

"Binnewa ake yi, ya Am."

"To ku gaya mini ranar."

Ya sa hannu a takardar shaida, an lalata duka, ba a cire ko guda ba. Da gangar ta cika aka aika masa. Ya zo, ya ƙi zama a gaba, ya hau bayan mota ya dafa ta da hannu har hamada, ya tsaya a bakin ramin sai da aka gama turo ƙasa.

Ƙarshen watan kamfanin auduga ya sallame shi, ya miƙa makullin ɗakin ƙarƙashin matakala. Mansur ya so ya ɗauke shi, ya ce bai iya zaman gida ba. Injiniya Demiana ta ba shi gadin ƙofar ma'aikatar da ɗaki mai taga. Sharaɗi ɗaya ya kafa, a juya kyamarar ƙofa ta kalli titi, kada ta kalli benci, aka juya. Yakan zauna a ƙarshen bencin na dama. Duk wanda ya zo zai zauna a hagunsa, ko Usta Gamil ne, sai ya miƙe ya kawo masa kujera. A zamaninsa ko dunƙulen waya bai fita ta ƙofar ba sai da izini.

Ya rasu a watan azumin 2021, bayan gajeriyar jinya a asibiti. Mansur ya kai shi Tahta a mota, Usta Gamil ya raka su. An binne shi a maƙabartar ƙauyensu, kusa da ita.